Ganye Ake Dubawa

Na farko, don kyau na saye shi.
A bakin tashar jirgin ƙasa ta Ngawundare
wani yaro ya jera wardi cikin gwangwanayen madara,
ja wur, kamar garwashi ya hau reshe.
Sefa dubu biyu na ƙirga masa, ko tayi ban yi ba.

Sai damina ta sauka, irin tamu ta kan tudu,
wadda kan zauna wata bakwai kamar mai bin bashi.
Baƙin ɗigo ya fito a ganyen ƙasa,
ɗaya, uku, daga nan na bar ƙirga.
Ganye ya yi rawaya, ya saki reshe.
Kafin watan Agusta ya fita
ƙaya kaɗai ta rage mini, tsaye, tana kallona.

Na kai kuka wurin Baba Hamajoda,
wanda ya shekara talatin yana ban-ruwa a lambun asibiti.
Ya murza ganyen a yatsu, ya shinshina,
ya ce, "Barmani, yaushe ka saya?"
Na ce da rani.
Ya yi dariya har goro ya faɗo daga bakinsa.
"Da rani ai kowane wardi waliyyi ne.
Ka bari sai marka, ranar da rana ta kwana huɗu ba ta leƙo ba,
ka wuce furen kamar ba ka gan shi ba,
ka durƙusa, ka ɗaga ganyen da ke kusa da ƙasa.
Wanda ka tarar kore shar, mai kauri, yana sheƙi,
alhali maƙwabtansa duk sun yi ƙyanda,
shi ne naka."

Na bi maganarsa, laka har gwiwa.
Na dawo da wani marar suna,
launinsa bai kai ruwan hoda ba, bai kuma tsaya a fari ba.
Ɗiyata Dudu ta taɓe baki:
"Baba, ai furen kabewa ya fi wannan."

Na haƙa masa rami inda hantsi ke fara sauka,
nesa da inuwar mangwaro, nesa da katanga,
taku uku tsakaninsa da na kusa, don iska ta sami hanya.
Kashin shanu wanda ya shekara na zuba, ba ɗanye ba.
Ruwa a gindi, da sassafe.
Wanda ya kwantar da ganye a jiƙe
shi ya aika wa cuta goron gayyata.
Duk ganyen da ya faɗi sai in tsince, in kai murhu,
har Asta ta ce da haka nake tsince kayan wankina
da ba ta tsufa da wuri ba.
Almakashi kuwa sai ya shiga tafasasshen ruwa
kafin ya bar wannan reshe ya taɓa wancan.

Ba zan ce bai taɓa ciwo ba.
Bara na ga ɗigo a ganye biyar.
Ya zubar da su, kwana goma ya fitar da sababbi,
ya ci gaba da fure kamar ba a yi ba.
Damina huɗu ke nan.
Dudu ce yanzu ke satar furen, tana sa wa a kofi kusa da littattafanta,
in na tambaya ta ce iska ce ta karya.

Baba Hamajoda ido ya tafi.
Jiya na yanko reshe ɗaya na kai masa,
fure uku a kai, ƙamshi ya cika zauren.
Ya karɓa a hankali saboda ƙaya,
yatsunsa suka wuce furen, ba su ko tsaya ba,
suka gangara ƙasa, suka kama ganye.
Ya shafa gaba, ya shafa baya,
ya ce, "To. Wannan ka iya saye."